Mamacin da Ya Samo Mini Aiki

Abin da zan faɗa a wannan babi ya daɗe, ni kuma na tsufa, kan tsoho kuwa rariya ne: gari ya zube, tsaki ya rage. Saboda haka maganganun da zan sa a bakin mutane ma'anarsu na riƙe, ba zan rantse a kan kowace kalma ba. Da so samu ne ma da na tsallake shi. Amma kwanakin baya na ji wata jikata tana tambayar uwarta dalilin da ya sa aka ɗaura wa iyayena aure sau biyu, na kuma ji amsar da aka ba ta, wai saki uku Baba ya yi wa Inna har sai da aka yi kisan wuta. Wannan ba gaskiya ba ce. Baba bai taɓa sakin Inna ba. Ta hannuna abin ya biyo, kuma neman aiki a ƙasar mutane ne ya kai ni gare shi.

Sai na fara da sunana, don a nan kan zaren yake. Mahaifina, Malam Sale, mutumin Kwandiko ne a ƙasar Gwaram, daga baya ya dawo Birnin Kudu da zama, ya bar shanunsa wajen dangi a Sundimina. Mahaifiyata, Dije, 'yar Malam Habu ce na Fagam. Amma ba Baba ne mijinta na farko ba. Yayansa Umaru ta fara aura, ba su daɗe ba ya sayar da wasu daga cikin shanunsa ya kama hanyar Makka a ƙasa, shi da wani abokinsa, kamar yadda ake yi a lokacin. Abokin ya dawo shi kaɗai. Ya rantse a gaban alƙali cewa agana ta kama Umaru a wani ƙauye can bayan Chadi, kuma ya baro shi ana ɗora ruwan wankansa. Aka yi sadaka, Inna ta yi takaba, aka raba sauran shanun, sannan manya suka ce ƙane ya riƙe gidan yayansa, wanda ba baƙon abu ba ne a gidajenmu na Fulani. Aka haifi Yaya Hajara, aka haife ni, aka mayar mini da sunan mamacin. Inna ba ta kirana Umaru, don sunan mijinta ne. Magaji take ce mini. Kuma duk shekara da azumi takan toya waina a raba sadaka dominsa, ni kuwa nakan ci kaso mafi tsoka, saboda ni ne mai sunan.

Na gama digirina na aikin gona a Zariya a shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, ana ta datse koguna ana maganar noman rani. Aka zaɓe mu kaɗan aka tura mu Sudan mu koyo ban ruwa a wajen masu gandun auduga na Jazira. Ranar da zan tafi sai da aka rako ni har tashar mota, har da masu guɗa, abin da ya ƙara mini damuwa, don ni mutum ne mai yawan tunanin abin da zai iya lalacewa. Karatun aji a garin Madani bai ba ni wahala ba. Amma sharaɗin shi ne, ba za a ba mutum takardar shaida ba sai ya yi aiki na shekarar noma guda a gandu, daga shuka zuwa tsinkar auduga, kuma kowa shi zai nema wa kansa gurbi. Abokan karatuna suka watse cikin 'yan makonni. Wannan malaminsa ya haɗa shi da wani, wancan ya yi aboki a wurin ƙwallo. Ni na ɗauka takarda ke magana. Na sa kwat cikin zafin nan na Madani, na rungumi fayil ina bin ofis-ofis. Ko'ina a ba ni kujera, a ba ni shayi, a yaba takarduna, sannan a tambaye ni wa ya aiko ni. In na ce ba kowa, sai a ce in dawo gobe in Allah ya so. Ban ce sun zalunce ni ba. Yanzu na gane ba wanda zai damƙa wa baƙon da ba wanda ya sani mabuɗin ruwan gonakin mutane. Amma lokacin shuka na ta matsowa, ni kuwa na fara hango kaina ina sauka a tashar Birnin Kudu hannu rabbana, masu guɗar nan na kallona.

A gidan da nake haya akwai wani tela, Usman, Bahaushe ne haifaffen can, Hausarsa rabi Larabci. Wata rana ya gan ni na dawo gumi ya jiƙa kwat ɗin, ya tsayar da kekensa.

"Ya zol," in ji shi, wato kai mutumin nan, "kai kullum kamar mai zuwa jana'izar Bature. Wa ya ɗauke ka a garin nan?"

"Ɗauka kamar yaya?"

"Ka gani! Shi ya sa. Cire wannan bargon, ran Juma'a ka bi ni."

A hanya ya yi mini bayani. Mutanenmu da ke can, waɗanda hanyar Makka ta zubar tun kaka da kakanni, suna da wata al'ada. Bayan sallar Juma'a dattawa kan zauna a rumfar shehun unguwa. In baƙo ya zo daga gida, sai a tsayar da shi ya karanta gidansu: garinsu, ubansa, kakansa, gidan uwarsa, yana faɗa suna saurare, har wani ya ji inda jininsu ko ƙasarsu ta haɗu ya ce, "Nawa ne." Wanda ya faɗi haka shi zai ciyar da shi, ya nema masa aiki, in ya yi ɓarna kuma shi za a kama. In ba wanda ya ce komai, sai a yi masa addu'a a sallame shi.

Muka tarar da rumfar cike. Shehun unguwar, wani malami mai suna Malam Idi, ya sa na tsaya a tsakiya.

"Daga ina, ɗan samari?"

"Daga Kano, Allah gafarta Malam."

Sai rumfar ta ɗauki dariya. A lokacin mu duk Jihar Kano ce, kuma duk ɗan ƙauyen da ya fita waje haka yake cewa. Wani tsoho marar haƙora ya ce, "Nan kowa Bakano ne, har jakin Malam. Kano ba ta ɗaukar kowa. Faɗi inda aka binne cibiyarka."

Na ce Birnin Kudu. Ba wanda ya ce nasa ne. Na ce amma asalin mahaifina Kwandiko ne, ƙasar Gwaram, sunansa Sale ɗan Ardo Buba. A gefen rumfar akwai wani dattijo dogo, fuskarsa duk zanzanar agana, yana jan carbi ido a rufe. Na lura carbin ya tsaya, amma ban kawo komai ba. Na ci gaba, na ce mahaifiyata Dije ce, 'yar Malam Habu na Fagam.

"Ka yi kuskure, yaro," in ji dattijon, bai ko buɗe ido ba. "Dijen Malam Habu ba matar Sale ba ce. Matar Umaru ce."

Har na ji sanyi a raina, na ce ga wanda ya san gidanmu. Na durƙusa na ce, "Haka ne, Baba. Shi ta fara aura. Allah ya yi masa rasuwa a hanyar Makka tun ba a haife ni ba. Sunansa ma aka mayar mini."

Sai ya buɗe ido.

"Wa ya ce ya rasu?"

"Abokin tafiyarsa. Ya rantse a gaban alƙali."

"Ka ga kabarin?"

"A'a, Baba."

"To, ni ma ban gan shi ba. Ni ne Umaru."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Kunnuwana suka toshe kamar na nutse a ruwa. Na ga bakunan mutane na salati amma ban ji sautin ba. Abin da ya fara faɗo mini, Allah ya yafe mini, ba Inna ba ce, ba Baba ba ne, wainar nan ce. Sai dattijon ya miƙe, ya sa takalmansa a hankali, ya fita daga rumfar bai ce nawa ne ba, bai ce ba nawa ba ne. Na waiwaya ina neman wanda zai ce wasa ne. Usman ya buɗe baki ya kasa rufewa. Malam Idi ya sallami jama'a ya ce in tsaya.

Shi ya gaya mini wane ne mutumin a wurinsu. Haj Umar suke ce masa, shi ke da shanun huɗa da ayarin 'yan ƙwadago da ke aiki a gandu da dama, kuma babu sufeton da ba ya shan shayinsa. Wato ƙofar da na yi watanni ina nema ita ce ta tashi ta fita. Sannan ya gaya mini abin da ya fi wannan nauyi. Ban yi zurfi a fiƙihu ba, masana su gyara mini, amma abin da na fahimta shi ne: matar da mijinta ya ɓata ta kai ƙara aka raba auren, hukuncinta daban, wadda kuwa aka ce mata ya mutu alhali yana raye, igiyar farko na nan ba ta tsinke ba. Na tambaye shi, to mu 'ya'yan fa?

"Ku 'ya'yan ubanku ne, halal, kada Shaiɗan ya yi maka wasa da wannan. Ba wanda ya yi laifi. Amma uwarka, yau ɗin nan da muke zaune, matar Haj Umar ce, sai in shi ya sauwaƙe mata."

Na yi kwanaki ban san abin yi ba. Usman ya ce in tattara in gudu gida in yi shiru, wa zai sani? Ina cikin wannan sai ga saƙo, Haj Umar na nemana da safe a bakin babbar magudanar ruwa. Na je ina jiran ko zagi ko duka. Bai amsa gaisuwata da kyau ba, ya dai ce in bi shi. Muka shiga ofishin wani sufeto da na taɓa zuwa wurinsa har ya gaji da ni. Haj Umar ya zauna, aka kawo shayi, suka yi hirar farashin dawa da ciwon ƙafar wani sa. Da zai tashi ya nuna ni da haɓa ya ce da Larabci, ɗan ƙanena ne. Shi ke nan. Ba a buɗe fayil ɗina ba. Washegari na fara aiki.

Haka na yi shekarar noman nan a ƙarƙashin inuwarsa. Ta dalilinsa na san masu buɗe ruwa, da manoma, da injiniyoyin da daga baya wasunsu suka zo mana aiki a nan gida. Duk Juma'a ina cin abinci a gidansa tare da 'ya'yansa, waɗanda suke ce mini ɗan'uwa ba su san rabin zancen ba. Ya koya mini gane ƙasar da ta ƙoshi da ruwa, ya yi mini faɗa in na makara. Amma ko sau ɗaya bai ambaci Kwandiko ba, ni kuma tsoro ya hana ni. Kullum ina tunanin ranar da zai ce a kawo masa matarsa, ko ya ce zai bi ni gida.

Sai da aka gama tsinkar auduga, takardata ta fito, tafiya ta matso, sannan na same shi a garkensa da hantsi yana duba kofaton wani sa. Na durƙusa na ce, "Baffa, me zan ce a gida?"

Ya saki ƙafar san.

"Me za ka ce? Ka ce Sale ya iya gado. Ya ci shanuna, ya ɗauki matata, sannan ya aiko mini ɗa da sunana in nema masa aiki!"

Na sunkuyar da kai. Ya yi ta faɗa, rabi Hausa rabi Larabci, har da Fulatancin da na zaci ya manta. Da ya huce ya zauna a kan turmi ya ba ni labari. Ya ce ruwan wankan gaskiya ne an ɗora, amma wata tsohuwa ta ga yatsansa na motsi. Da ya warke ba abokin tafiya, ba guzuri, ga fuska ta lalace. Kunya ta hana shi komawa ba Makka ba shanu. Ya ce bari ya yi ƙwadago shekara ɗaya. Shekara ta haifi shekara. Da ya sami zuwa Makkar kuma ya riga ya yi iyali a nan. Shi a zatonsa Dije ta gaji da jira ta kai ƙara an raba tun tuni.

"Na san na ɓata," in ji shi. "Ban san na mutu ba. An yi mini sadaka kuwa?"

"Duk shekara, Baffa. Waina."

"Da hannunta?"

"Da hannunta."

Ya kalli shanun. Sannan ya ce, "Har yanzu tana tsoron kwaɗo?"

Na ce har yanzu. In damina ta yi ba ta fita tsakar gida sai an share mata hanya. Ya yi dariya har ya share ido da hannun riga. Sai ya ce in je in kira Malam Idi, da wani Alhaji Manu mutumin Gwaram da ya sauka a unguwar a kan hanyarsa ta komawa gida daga hajji. Da suka zo ya miƙe tsaye a cikin garken nan, ya ce su shaida ya saki Dije 'yar Malam Habu saki ɗaya, shanun da aka raba kuma ya yafe wa duk wanda ya ci. Ya juyo gare ni.

"Ni na yi nawa. Saura kai. In ka ga dama ka haɗiye."

Na so in haɗiye, ba zan ɓoye ba. Duk tsawon hanya ina aunawa. Amma na san kaina: mutumin da ke komawa ya duba ƙofa ko ya kulle ba zai iya zama a kan wannan ba. Bayan an gama murnar dawowata, na sami Baba a zaure da la'asar, Alhaji Manu na gefena, na faɗa masa.

"Da idonka?"

"Da idona, Baba. Shekara guda ina cin tuwonsa."

"Ƙaramin yatsansa na hagu fa?"

"A lanƙwashe yake."

"Ni na ja igiyar san da ya karya shi," in ji Baba. Sai ya ce alhamdu lillahi, kafin ya rufe baki kuma ya ce inna lillahi, ya yi ta maimaita su biyun yana haɗa su, kamar bai san wanne ya dace ba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma ba na fatan ku ga irinta.

Inna kuwa tana tankaɗe na same ta. Ta saurara har ƙarshe, rariya a hannu. Abin da ta fara cewa shi ne, "Wainata!" Sannan ta ce, "Ya tambaye ni?" Na gaya mata zancen kwaɗo. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ban san ko dariya take ko kuka ba, ban kuma tsaya in gani ba.

Malaman Birnin Kudu suka zauna, suka ce ta fita ta yi jira sannan a ɗaura sabo. Ta koma Fagam gidan ƙanenta, mace mai jikoki. A watannin nan gari ya samu abin taunawa. Mutanen da suka kawo gaisuwar neman auren ƙanwata Safiya suka janye ba bayani. Baba ya daina kirana cin abinci tare da shi, kuma ina jin bai koma sakin jiki da ni ba har ya bar duniya, ko da yake bai taɓa cewa na yi laifi ba. Malamai sun ce daidai na yi. Safiya ta ce ai ba auren malaman aka fasa ba.

Aka ɗaura auren a ƙofar gidan kawuna a Fagam, Yaya Hajara na daga ciki tana ta tsokanar Inna da amarya. Da aka aika a tambayi sadaki, Inna ta ce karsana take so, amma a gaya wa Sale kada ya biya ta da jikar saniyar mamaci, ya je kasuwa ya saya. Haka kuwa aka yi.

Ranar da ta dawo Birnin Kudu ina tsakar gida ina sauke kayanta daga mota, sai na ji an ce, "Umaru, kawo mini ƙwaryar nan." Ban waiwaya ba, don ban san muryar da wannan sunan ba. Aka sake kira. Na juya na ga Inna ce, tana kallona kai tsaye. Yaya Hajara ta dafe ƙirji ta ce, "Inna! Sunan?"

"Na riƙe masa shi tun kuna ciki," in ji Inna. "Tunda yana da rai, ya riƙe abinsa. Wannan nawa ne."

Iyakar abin da na sani ke nan. Baffa bai taɓa zuwa gida ba, a Madani ya rasu, wannan karon da shaidu. Yaya Hajara na raye, 'ya'yan Alhaji Manu na Gwaram, 'ya'yan Baffa kuma muna gaisawa. Duk wanda ya ga wani abu daga cikin wannan da idonsa, ko ya ji daga bakin wanda ya gani, in ya tarar na ƙara ko na rage, don Allah ya aiko mini in gyara tun ina da sauran numfashi. Na ga abin da shaidar mutum ɗaya ta yi wa gidanmu, ba na so a tsaya a kan tawa ni kaɗai.